Mai Suyar Dankali Ya Ƙi Janyewa

Zuwa ga Gwanar allura, hasken tsallaken titina, raɓar safiyata, inuwar da idona ke gudowa duk lokacin da wutar kasko ta gasa ni, ruwan farko da ke sauka bayan ƙasa ta gaji da jira.

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗora wa alƙalami aikin. Yaya jiki? Yaya ƙarfin ido? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce, Ya mayar min da ke kan kujerarki. Wallahi tun da kika rufe shago titin nan ya zama kurma! Motoci na wucewa, masu talla na ihu, mai facin taya na ta buge-bugensa, amma kunnena ƙarar keken ɗinkinki kawai yake nema. Sau nawa na ƙona suya ina kallon ƙofar shagonki da kwaɗo a jiki? Ki tambayi masu saye, sun gaji da yi min tsiya.

Saƙonki ya iso. Yayarki ta same ni da hantsi ina fere dankali, ta tsaya daga nesa kamar mai tsoron kada mai ya fallatsar mata, ta ce, "Mai Dankali, ƙanwata ta ce a ba ka haƙuri. Ciwon suga ne ya kayar da ita a shago. Ta ce ka nemi mai lafiya ka aura, ita ta janye, kuma ƙarshen wata Kawu zai je gidanku ya warware maganar auren." Na ajiye wuƙa, na goge hannu, na ce, "Yaya, koma ki gaya mata an ji, amma ba a karɓa ba." Ta zo da fuskar jaje, ta koma tana dariya. Ban biyo ta da takarda a ranar ba, domin ba na son in zo miki da daɗin baki kawai. Yanzu kuwa da abina a hannu na zo.

Janyewa? Ni? Haba Gwana, ashe har yanzu ba ki san wanda kike hulɗa da shi ba!

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa gaban kaskona? Da igiyar awo rataye a wuyanki, da guntun jan zare maƙale a gefen mayafinki, kika ce in yi sauri, mai kaya na zaune tana jiranki. Na zuba miki na kuɗinki, sannan na ɗora gyara, na sake ɗorawa, na kuma ɗorawa, har takardar ta yage ta ƙasa. Kika dube ni ta ƙasan ido kika ce, "Malam, wannan gyara ce ko sadaka?" Na ce, "Wannan tambaya ce, ina jiran amsa." Kika tattara dankalinki kika tafi. Washegari kika ce in miƙo rigar aikina da ta yage a hammata, kika mayar min da ita ɗinki ya zauna cas. A nan na karanta amsata. Daga ranar kullum rana ta take tsaka sai na tsallaka titi da faranti a rufe, kina daga bayan keke kina yi kamar ba ki gan ni ba, alhali ƙafarki ta riga ta daina takawa.

To ga inda aka samu matsala, kuma zan faɗe ta ƙarara don mu binne ta mu wuce. Da kika fara ramewa ni na riga kowa gani. Na ga awarwaronki yana zamewa har gwiwar hannu. Na ga kina shanye gorar ruwa kina neman ƙari. Na ga kina ɗaga allura wajen taga, zare yana wuce ƙofarta sau biyu, sau uku, ke da a da kike zura shi kina hira. Mai suya kuwa me ya sani game da rama? Abu ɗaya: yunwa ce! Sai na ninka dankalin, na haɗa miki da lemon kwalba mai sanyi, ina ta yabon kaina wai ina kiwon amaryata. Ke kuma, da yake tela ce, sai kika bi rigunanki ɗaya bayan ɗaya kina ragewa ta ciki, don kada kowa ya ga sun yi miki yawa. Ni ina ƙara tuli, ke kina rage riga. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Amma abin da Yaya ta gaya min daga baya shi ya fi ci min rai. Ashe kin riga kin yi gwaji tun kafin ki faɗi! Ashe an ce ki yi hankali da soye-soye da kayan zaƙi, amma kika ci gaba da cinye farantina tas, wai ba za ki iya mayar min da shi cike ba, kada raina ya ɓaci. Kai, Gwana! Wannan so ne ko ganganci? Wace irin mace ce za ta ajiye idonta jingina don kada mai dankali ya ji kunya? Na yi fushi da ke na yini guda cur. Daga nan fushin ya narke, son da nake miki ya ƙaru har na rasa inda zan sa shi. Amma ki ji da kyau, kada ki sake. Ɓacin raina yakan wuce kafin mai ya huce, idonki kuwa biyu ne kacal, kuma da su kike cin abinci.

Na san abin da ke razana ki, don Yaya ba ta ɓoye min ba. Kin ga yadda wannan ciwo ya yi da Innarku, Allah Ya jiƙanta: tukunyarta daban, kwanonta daban, tana cin lami ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, sauran gida suna tsakar gida suna santi. Kin ce ba za ki shiga gidan da ke ƙamshin suya safe da yamma ki zauna kina haɗiyar yawu ba, kuma ba za ki zama kaya a wuyan kowa ba. Na ji, kuma ban raina tsoronki ba. Amma wa ya gaya miki gidana zai yi tukunya biyu? Abin da kika ci shi zan ci, hannuna da naki a kwano ɗaya. Dama tumbin nan nawa ya daɗe yana neman mai yi masa tarbiyya.

Kada ki ɗauka cika baki nake. Na je asibitin da aka kwantar da ke, ranar da malamar jinya ke koya wa masu suga yadda ake cin abinci. Na zauna kan benci tsakanin tsofaffi. Da ta zagayo ta tambayi sana'ata na faɗa, sai ta tafa hannu ta ce, "To jama'a, ga mai laifi ya kawo kansa!" Aka yi ta dariya, wata tsohuwa har da nuna ni da sanda. Na ce, "Malama, na kawo kaina ɗin, ki koya min." Ta ko koya min, Allah Ya saka mata.

Ta ce dankalin Turawa ba guba ba ne, amma cikinsa sitaci ne, kuma sitaci da ya sauka ciki sai ya rikiɗe ya koma suga ya shige jini da gudu. Wanda aka dafa aka murƙushe ya yi laushi shi ya fi sauri. Nawa na suya kuwa, ga sitaci ga mai, a kora da lemo, an haɗa wa jiki aiki biyu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ta ce idan likitanki ya yarda, ba sai kin yi ban kwana da shi har abada ba. A dafa shi da ɓawonsa, a bar shi ya huce sosai, a ɗebi kaɗan, abin da bai wuce dunƙulen hannunki ba, kuma kada a ci shi shi kaɗai. Ta ɗauko faranti ta raba da yatsa: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko ƙwai ko kaza, ragowar kusurwar nan ita ce ta dankali ko wani mai sitaci. Na ce, shi ɗan uwansa mai zaƙi, dankalin Hausa, fa? Ta ce shi ma sai da awo. Kuma ta ja min kunne cewa abinci ba ya maye gurbin magani. Saboda haka duk mai zuwa miki da jiƙe-jiƙe yana rantsuwa wai zai tumɓuke ciwon daga tushe, ki turo min shi, ina da amsarsa.

Tun daga nan na shiga makaranta a gaban murhu. Na yanka kabeji siriri na ɗan juya shi da albasa da attaruhu, ya fito yana ƙaras-ƙaras a baki. Na gasa yalo a kan garwashi har ya yi laushi, na kwaɓa shi da tafarnuwa da lemon tsami. Na turara koren wake da karas kaɗan, na fasa ƙwai a kan alayyahu, na gasa kifi da citta ba tare da ya yi wanka a mai ba. Akwai ma wani farin kabeji mai dunƙulallen kai, idan aka dafa aka murƙushe sai ki rantse dankali ne, alhali sitacinsa ɗan kaɗan ne. Mai facin taya shi ne maɗanɗanina. Ranar farko ya tauna ya tauna ya ce, "Kai, ni akuya ka mayar?" Jiya kuwa shi ya zo da kansa yana leƙen tukunya yana tambaya ko akwai ragowar abincin akuyar. Har wani direba mai irin ciwonki ya ji labari, yanzu kullum sai ya tsaya. Ya ce ya daɗe bai ci abinci a bakin titi da kwanciyar rai ba. Kaskon dankali yana nan, da shi zan riƙe ki, ba zan yi miki ƙaryar na kife shi ba. Amma a titi zai riƙa kwana, ba zai biyo ni gida ba.

Ya sanyin idona, ya kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina, me kike tsammani na gani a wurinki? Lafiya? Wa ya taɓa karɓar takardar tabbacin lafiya kafin ya so mutum? Yau ke ce, gobe ni ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dariyarki na gani, wadda kike dannewa da bayan hannu. Na ga yadda kike warware ɗinki gaba ɗaya saboda karkata ɗaya da mai kayan ma ba za ta lura ba. Mace mai irin wannan ido a kan aiki ce za ta kasa riƙe awon abincinta? Ina! Ciwon nan ya shigo gidan da ba zai sake ba. Zan raka ki ganin likita, zan tuna miki magani har ki ce na ishe ki, kuma bayan mun ci abinci za mu taka mu zagaya unguwa, ina gaba ina surutu kina baya kina cewa in rage murya.

Yanzu ga roƙona, kuma ba da hawaye nake yin sa ba, da ƙirji buɗe nake yi. Jibi ne Kawu zai je gidanmu. Gobe da rana zan zo gidanku da sabon farantina. Yaya ta ce an ba ki ɗan abin awon suga, wanda ake huda yatsa a ɗiga jini. Ki auna kafin ki ci, Yaya na zaune a matsayin shaida. Ki ci, ki koshi, ki kushe gishirin idan kin ga dama. Bayan awa biyu ki sake aunawa, kamar yadda malamar ta ce a riƙa yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni zan zauna a ƙofar gida in bar na'ura ta yi min lauya, tunda ita ba ta san so ba balle ta yi son kai.

Idan awo ya yi kyau, ki aika wa Kawu ya cire takalmansa ya huta. Idan kuma ya hau, kada ki yi murna wai kin rabu da ni. Zan ɗauki farantina in koma gaban murhu, in dawo washegari da wani, in sake dawowa da wani, har sai na'urar nan ta gaji ta sallama. Girki zan yi ta canzawa, Gwana. Mata kuwa na riga na zaɓa.

Naki ranar da awo ya sauka, naki ranar da ya hau, naki har numfashi ya ƙare,

Mai Dankali