Kwamfutar da Ba Ta San Gyara Ba

Laraba da dare, Jega

Yau na yi wa Yaya Sani musu a gaban baƙo, kuma ban yi nadama ba. Injiniyan da ya kawo mana da sabuwar kwamfuta zai haɗa cinikin hatsinmu na Jega, Aliero da Maiyama cikin manhaja guda. Sai injiniyan ya ce ba ta da gurbin gyara, wato ɗan ƙarin da muke yi wa mai saye; abin da aka auna shi ke nan.

Yaya ya ce, "To, mu bar gyara."

Mu bari? Don gyaran nan matan Jandutsi suke wuce rumfunan wasu su zo tamu tun zamanin Baba.

Na ce, "Yi haƙuri Yaya, wagga na'ura mu muka saye ta. Ko a koya mata gyara, ko ta koma kwalinta."

Har yanzu Yaya bai kula ni ba. Kwalin dai na adana shi.