Sabon Maganin Baba da Wautar da Na Yi

Gafasa, Ajingi.

Zuwa ga Yayana Abdurra'uf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Suwaibatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. An gama cirar gyaɗa, Umma na nan tana fama da gwiwarta, Rukayya kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Rubutawa na yi zan turo maka hoton takardar, don in na kira ka kuka zai riga magana fita, kuma ba na son Umma ta ji.

Maganar Baba ce, Yaya, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Ka san ƙwayar da ya shekara uku yana sha saboda ciwon karkarwar nan. To, tun bayan babbar salla ta fara rikita shi. Ya riƙa ganin baƙi zaune a ɗakinsa alhali ba kowa, har ya yi wa Umma faɗa wai ta bar su ko ruwa babu. Da muka kai shi asibiti a Kano, likita ya sa aka janye ta a hankali, ya rubuta sabuwa, sau huɗu a rana. Ni aka miƙa wa takardar, tunda ni ce 'yar bokon gida. Ka san Umma ba ruwanta da agogo, sai na ce bari in sauƙaƙa mata, a riƙa ba shi bayan salla. Na tsallake asuba, don kowa ya san ba a shan magani ciki ba komai. Ya zama azahar, la'asar, magariba, lisha. Har ina yabon kaina, wai na yi dabara!

Ashe ɓarna na tafka. Tun daga lisha har azahar ta gobe ba magani a jikinsa. Da safe sai ya sandare, ko buta ba ya iya ɗagawa, da yamma kuma ƙwayoyin sun taru, jiki ya yi ta murɗawa. Mu kuwa muna cewa baƙon magani ne, jiki zai saba. Ranar Asabar aka yi sunan jaririyar Rukayya a Toranke, kuma shi aka roƙa ya yi addu'a. Yaya, a bakin zaure ƙafafunsa suka kafe. Ga jama'a cike ana jira, ya yi ya yi ya kasa ɗaga ko ɗaya, sai da Kawu Kamilu da wani suka ciccibe shi suka zaunar. Baba fa, wanda rabin mutanen wurin a gabansa suka yi karatu!

Yau da safe na sami wata ma'aikaciyar asibitin a waya, na faɗa mata yadda muke yi. Sai da ta yi salati. Ta ce daga wayewar gari ake farawa, awa huɗu tsakani, kuma wannan ƙwayar ta fi aiki kafin a ci abinci. Ta ja mini kunne cewa yanke ta kwatsam yana iya kai shi kwance, ta ce a kawo shi maza. To ga inda gizo ke saƙa: tun ranar sunan Baba ya ƙi sa ta a bakinsa. Ya ce gara tsohuwar ƙwayar, ya zauna da baƙin da babu su, da a ɗauke shi kamar buhu a gaban ɗalibansa. Kwana biyu ke nan. Ɗazu ko koko da ƙyar ya haɗiye, ni kuwa tsoro ya gama cinye ni.

Na durƙusa gabansa na ce laifina ne, ba na magani ba, na warware masa komai. Ya dube ni ya sa mini albarka, ya ce ya san ina ɗora wa kaina laifi ne don ya yarda ya sha, amma 'yar da ya karantar da kansa ba za ta yi irin wannan wauta ba. Na rantse, ya ce in daina rantsuwa a kan ƙarya. Ka ji fa. Yardar da ya yi da ni ita ce take neman hallaka shi.

Don girman Allah ka kira shi yau, kai yake jin maganarka. Na tsayar da motar Hafizu gobe da sassafe zuwa Kano, amma ba wanda zai iya sa shi ciki in bai so ba. Kada ka yi masa wa'azi, ya fi mu iyawa. Ka tuna masa dai duk shirmen da na yi tun ina yarinya, kada ka rage ko ɗaya, har sai ya yarda 'yarsa tana kuskure.

Umma da Kawu Kamilu suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Anti Suwaibatu, da Ummi da Muhammad Auwal. Ku sa Baba a addu'a.

Ƙanwarka mai laifi,
Hadiyya.