Burodin Tante Neta

Lahadi, 5 ga Fabrairu, 1995

Jibin Ubangiji yau. Mutum talatin da huɗu a tsohon shagon darduma, shekara biyu ke nan muna sujada a ciki amma warin gam bai bar bango ba. Na zo da sassafe na kunna hita, na jera kujeru, na yi wa'azi, na kwashe kujeru. Gobe kuma ma'aikata, in wuni ina ɗaura wa kujerun mutane ƙafafu. Da babban dattijonmu Ohm Isaak ya turo ni garin nan ya ce in je in dasa ikilisiya, bai ce mini rabin aikin ɗaukar kujera ba ne.

Na sake wuce tsohuwar nan Tante Neta Loewen da farantin burodin Jibi. Karo na uku tun zuwanta daga Karaganda. Ba ta miƙo hannu ba, ta san doka. Abin da ke ci mini rai shi ne ita ta gasa burodin.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Matata Susa ta ce in daina yi mata huci a kan abinci, ba ita ta kafa dokar ba, in je in sami tsohuwar mu yi magana. Matar nan ta fi ni gaskiya sau da yawa, abin yana gajiyar da ni.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Na je wurin Tante Neta a gidan 'yarta, hawa na huɗu, ba lif. Tsohuwar ta kawo kofi da burodi mai ɗumi. Na yi mata bayani a hankali kamar ba ta sani ba: mu a nan nutsar da mutum muke yi cikin ruwa gaba ɗaya, wanda aka zuba wa ruwa a ka kawai ba ya cin Jibi sai an sake yi masa baftisma. Na ce abu ne na minti biyu.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ba ni labarin nata. Shekarar 1947, tana da ashirin da huɗu, tana tura keken kwal a Karaganda, lokacin da hukuma ta hana yin baftisma. Su tara mata a ɗakin wanki, lokacin canjin aiki, ɗaya tana gadin ƙofa. Wani tsohon mai wa'azi, Ohm Franz, ya narka dusar ƙanƙara a moɗar gwangwani ya zuba wa kowacce a ka. Bayan kwana tara aka zo aka tafi da shi. Ba a sake ganinsa ba.

“Dietrich, ɗana,” ta ce, “in na shiga ruwanku, na ce nasa ba ruwa ba ne.”

Na buɗe Romawa sura shida, inda aka ce an binne mu tare da Ubangiji ta wurin baftisma. Ta ce ta san wurin, ta haddace shi tun ba mai littafin a hannu. “Ci burodinka, zai huce.” Na ci. Na sauko hawa huɗu ba abin da na ƙulla.

Talata, 21 ga Fabrairu

Bayana ya riƙe. Ban karanta komai ba.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Ohm Isaak ya zo da kansa daga uwar ikilisiya. Ranar idin Fentikos zai ɗora mini hannu ya naɗa ni shugaba, a ba mu 'yancin kanmu, mu zama ikilisiya mai cikakken iko. Shekara biyu ina jiran maganar nan. Da na kawo zancen Tante Neta sai ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi ma yana ganin girmanta, amma in na buɗe wa mutum ɗaya, Lahadi mai zuwa goma ne a bakin ƙofa, kuma ba zai ɗora hannu a kan wanda bai iya riƙe faranti ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 5 ga Maris

Karo na huɗu da na wuce ta. Burodin ya yi kyau ƙwarai.

Asabar, 11 ga Maris

Muna fenti ni da Heinrich Pauls. Duk abin da ke tsaye a ɗakin sujadar nan hannunsa ne, mimbari, wutar lantarki, bayan gida. Da shi da 'ya'yansa da surukansa mutum goma sha uku ne cikin talatin da huɗun. Na ɗan taɓo masa zancen don in ji ta bakinsa. Ya ajiye burushi. Ya ce mahaifinsa fasa ƙanƙara ya yi a kogi a watan Nuwamba ya nutsar da mutum shida, aka ɗaure shi shekara biyar, ya fito ba haƙori ko ɗaya. “In moɗa ta isa, ɗan'uwa Dietrich, to Baba don me ya shiga kogin?”

Kowa da nasa mamacin yake riƙe da shi, ni kuma an ba ni faranti in tsaya a tsakiya. Muka ƙarasa bangon.

Laraba, 15 ga Maris

Wata dabara ta zo mini a wurin aiki, har na ji daɗin kaina. Na sake haura hawa huɗun wurin Tante Neta. Na ce ba sai mun je tafki ba, Heinrich zai ƙera kwami a cikin ɗaki, mu ɗumama ruwan, ni zan riƙe ta da kaina, mata kaɗai a wurin in tana jin kunya. Dariya ta yi har da tari. “Ni da na yi sanyin Karaganda da takalmin tsumma, ruwanka zan ji tsoro?” Na ji kunya, sannan na ji haushi. Na ce mata taurin kai ma zunubi ne. Ta ce haka ne, ta ga mu biyun muna da abin tuba.

Bai kamata in faɗa mata haka ba. Shekararta saba'in da biyu.

Lahadi, 19 ga Maris

'Yar Tante Neta ta tare ni a bakin ƙofa. Akwai wata ikilisiya mai nisan kilomita talatin da ke karɓar irin baftismarta, ta ce za ta riƙa kai ta. Kunya nake ji in rubuta, amma sanyi na ji a raina. Sai ga tsohuwar da sandarta ta ce ba inda za ta, nan take da kujera, nan ake cin burodinta. Shi ke nan. Ba ta fita, ba ta shiga ruwa, ba ta miƙo hannu.

Litinin, 27 ga Maris

Tante Neta ta faɗi a kicin. Asibiti. Hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Jibi da burodin kanti, a leda, a yanke. Kujerarta ba kowa. Na zata yau zan zagaya da faranti hankali kwance. Da na zo daidai wurin sai na tsaya kamar wawa, har Susa ta yi gyaran murya.

Jumma'a, 7 ga Afrilu

Na je duba ta bayan aiki. Maganarta tana fita da ƙyar. Ba ta ce komai kan baftisma ba, ni ma haka. Abin da ya dame ta wa zai gasa burodin wata mai zuwa. Ta sa na rubuta wa Susa: madara mai ɗumi, man shanu, yis, gishiri “daidai”. Na ce daidai nawa? Ta ce hannu ne ke sani, ta dubi nata.

A mota na yi addu'a, ba mai kyau ba. Na ce Ubangiji na gaji, ka aiko wani.

Asabar, 22 ga Afrilu

Takarda daga Ohm Isaak, tsarin ranar Fentikos, har da waƙoƙin da za a rera. Susa ta kai baƙar kwat ɗita wanki. Na gaji tilis.

Lahadi, 7 ga Mayu

Ruwan sama. Mutum talatin da shida, da sabon iyali daga Omsk. Hitar baya ta lalace, sai an duba. Wa'azi bai yi armashi ba, na rasa takarda ta biyu.

An kawo Tante Neta a keken guragu, an ajiye a bakin layi, ta tare rabin hanya. Da mu masu rantsuwa ne da na rantse ban shirya komai ba. Wurin ne ya yi matsi, dole in tsaya. Ba ta miƙo hannu ba, ko ta so ma ba zai miƙu ba. Ni na gutsura burodin da Susa ta gasa na sa mata a hannun hagu.

Heinrich bai karɓi ƙoƙon Jibi ba. Ya jira aka gama waƙa, ya ɗauki hularsa, mutanensa suka bi shi. A bakin ƙofa ya ajiye mini makullin ɗakin kayan aiki a kan taga. Na san kafin yamma labari ya kai wa Ohm Isaak. Waya ta yi ƙara sau biyu, ban ɗauka ba tukuna. Kwat tana rataye a ledarta, ban san ko zan sa ta ba. Ban ce na yi daidai ba. Ban san me na yi ba.

Ni kaɗai na kwashe kujeru. Tana jiran 'yarta ta kawo mota, sai ta yafito ni. Na sunkuya, na zata godiya za ta yi, ko faɗa. Ta ce, “Gishiri ya yi kaɗan.”

Na gaya wa Susa, wata mai zuwa ta ƙara.