Tsohon da Harshensa Ya Nuna Koginsu

Guangzhou, Agusta 2008

Ƙanwata Lami,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, illa gajiya da 'yan sandan da suka matsa mana saboda wasannin Olamfik.

Kin tuna Lawai, tsohon ma'aikacin jirgin ruwan dakon katako ɗan tsibirin Borneo, da na ba wurin kwana? Tun da ɓarin jikinsa ya mutu Turancinsa ya gudu, sai yarensu na Kenyah kawai. Mai gida ya ce in fitar da shi ko mu fita tare. Mutanenmu na nan kowa ya zame. Raina ya ɓaci, amma na san bizarsu suke ji.

Shekaranjiya na samo wani ɗan Kenyah a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ya saurare shi, ya ce, "Mu muna datse ƙarshen kalma a maƙogwaro, shi yana ja. Ba namu ba ne, amma na san kogin da ake magana haka. Matata 'yar can ce."

Matar ta aika saƙo garinsu, yau ɗan Lawai ya bugo waya, yana hanya. Tsohon ya riƙe wayar har ta mutu.

Ki ce wa Inna na koma cin abinci. A aiko min da daddawa, Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Abdulbaƙi