Surukina Ne Zai Tsaya Mini

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan na juya shi a raina har ya fara hana ni jin daɗin abinci, alhali ba wani mugun abu ne ya same ni ba. Alheri ne ma, shi ya sa nake jin nauyin kai kuka.

Ni tsohuwar ungozoma ce, na yi ritaya daga asibiti, maigidana ya daɗe da rasuwa. 'Yata ta fari tana aure a ƙasar waje. Da haihuwarta ta uku ta matso suka aiko mini da bizar ziyara, na zo da niyyar in ga ta warware in koma. To, zama ya yi daɗi. Ɗakina ƙarami ne, tagarsa na kallon inda ake ajiye motoci, amma da hantsi rana na sauka daidai kan gadona, gwiwoyina sun gode. Na shuka barkono da na'ana'a a tsofaffin bokitan fenti a baranda. Ni nake raka babban jikana bakin titi ya hau motar makaranta. Matarsa yake ce mini, ya kuma sha alwashin zai sake ni ranar da haƙorana suka ƙare. Jaririyar kuwa ba ta barci sai a bayana.

Yanzu bizar ta kusa ƙarewa, suna so a nema mini takardar zama na dogon lokaci. Sharaɗin shi ne wani mazaunin ƙasar mai tsayayyen aiki ya ajiye kuɗin lamuni a wurin hukuma, ya sa hannu cewa shi ya tsaya mini. Idan na karya ƙa'idar zama, ko aka ce in koma ban koma ba, kuɗin ya tafi. 'Yata ta ajiye aiki saboda goyo, ba za a karɓi sa hannunta ba. Saura mijinta.

Malama, yaron nan ban taɓa ganin aibinsa ba. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Tun da na zo, magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba, shi kansa a sunkuye, ni ina kallon bango. Kafin ya shigo falo sai ya yi gyaran murya tun daga ƙofa don in ja mayafi. Ban taɓa kai loma a gabansa ba. Idan maganin hawan jinina ya kusa ƙarewa, sai dai in ga sabon kwali a kan firji, ban san lokacin da yake leƙa tsohon ba. Ɗakin da nake ciki ma ashe nan yake karatunsa, ya kwashe teburinsa ya kai lungun kicin tun kafin in iso. Ranar da santsi ya kwashe ni a banɗaki 'yata kaɗai na gaya wa, washegari na tarar an kafa ƙarfen dafawa a bango.

To yanzu an ce ni da shi za mu je ofishin shige da fice, mu zauna kafaɗa da kafaɗa, ya ce shi zai amsa duk abin da na yi. Ni da na ba shi 'ya, yau shi ne zai tsaya mini kamar yarinyar da aka kai makaranta? Wannan ɗaya ke nan, na kuma san za ki ce kunya ce kawai.

Na biyun shi ne ainihin abin da ke cin raina. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, na ga mata da yawa da suka haɗiye magana saboda iyayensu na cin arzikin miji. Yau suna zaman lafiya, alhamdu lillahi, har dariyarsu nake jiyowa daga kicin. Amma aure ne. Idan wata rana ya ɓata mata rai, ba na so ta buɗe baki, ta tuna zaman uwarta a hannunsa yake, ta rufe. Ina da gida a can, ƙanena na ta cewa in sayar in biya kuɗin da kaina. Wata zuciyar kuma ta ce in tattara in koma da mutuncina, in riƙa ganin jikokin ta waya. Ban gaya wa 'yata ko ɗaya ba, ta ɗauka ciwon gwiwa ne ya sa na yi shiru. Yaya zan yi?

Kakar Yara

Mama, Allah ya ƙara lafiya. Damuwa biyu kika kawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farkon mai sauƙi ce. Kin ce surukinki zai tsaya miki, ni kuwa da na karanta wasiƙarki sai na ga ya daɗe da tsayawa. Wanda ya bar miki ɗakinsa, yake lura da maganinki, ya kafa ƙarfe don kada ki sake faɗuwa, ya riga ya ɗauki nauyin. Hukuma dai so take ya rubuta a takarda abin da yake yi a ɓoye. Ita ba ta san suruka ba, mazauni da baƙo ta sani, ko shehin malami ne ya zo zama sai an nema masa mai tsaya masa.

Ta biyun kuwa ba zan ce miki tsoro ne marar tushe ba. Abin da kika gani a wurin aiki yana faruwa. Amma maganinsa sanin sharuɗɗa ne, ba tattara kaya ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka a tambayi ofishin kansa ko lauya mai lasisi, ba dillalan biza ba. A ji ko mai lamuni na iya janyewa, da abin da zai sami zamanki idan ya janye. A ji ko za a iya mayar da lamunin kan 'yarki ranar da ta koma aiki, da yadda ake maido da kuɗin, da wanda ake maido wa. A wasu wurare banki ko kamfanin inshora kan tsaya a madadin mutum. A tambaya ko akwai wannan hanyar. Duk amsar da aka samu a rubuce, ki sa a karanta miki kafin kowa ya sa hannu.

Gida kuma, ki ba ƙanenki haƙuri, kada ki sayar. Ko kin kawo kuɗin, mai yiwuwa sa hannun mazauni na nan dole. Sannan gidan nan shi ne amsar tsoronki. Muddin makullinsa na cikin jakarki, zamanki ba a hannun kowa yake ba. Ranar da kika sayar ne bakin 'yarki zai ɗauru da gaske, don a lokacin ba ki da wurin komawa.

Ki zaunar da ita ki gaya mata wannan ƙarara, sau ɗaya ya isa: kina nan ne don kina jin daɗi, kina da inda za ki, kada ta taɓa haɗiye gaskiyarta saboda ke. Idan kuwa kika koma shiru ba bayani, za ta yi ta binciken abin da mijinta ya yi miki, shi kuma ya yi ta tunanin inda ya gaza. Saɓanin da kike gudu, ke za ki bar musu shi. Kada kuma ki manta, mai raka yaro mota, mai goya jaririya har uwarta ta samu barci, ba cin arziki take yi ba.

Shawarata ki amince. Ranar zuwa ofis ki yafa babban mayafinki, ki kalli bango yadda kika saba, can ma akwai bango. Amma idan kun fito, ki sa masa albarka da bakinki, ya ji da kunnensa, ba ta hannun matarsa ba. Ina jin ya fi bukatar wannan a kan takardar shaidar biyan kuɗin.

Allah ya sa a dace, barkonon baranda ya yi 'ya'ya, ƙaramin angon naki kuma Allah ya sa ya fasa sakin.