Ba A Tsayawa A Cikin Shataletale

Hanyar Pruitt, Texas.
Farkon Afrilu.

Zuwa ga tsohona Doyle,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙugun naka yana ƙara sauƙi. Yaya ƙarfin jikin? Abincin nasu fa, har yanzu ba gishiri? Ina fata kana yin atisayen da ma'aikatan gidan jinyar suke sa ka ba tare da ka yi musu masifa ba. Ni lafiyata ƙalau, gidan ne dai ya yi mini girma.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Na gaji da yi maka ihu a waya. Shekaranjiya na ce ina kewarka, ka ce wace kyanwa kuma, ai ba mu da kyanwa. Har sai an gyara na'urar kunnen nan taka, da biro za ka riƙa jin muryata.

To, shirya dariya, don ka ci ni. Ka tuna ƙuri'ar bara, ta a bar gunduma ta ci rance ta gyara hanyoyi, a riƙa biya daga harajin gidaje? Kai ka ce a'a, wai sai mun shiga kabari ba a gama biya ba. Ni na ce e, har na kafa allona kusa da naka a ƙofar gida, maƙwabta suna ta yi mana tsiya. Ni fa na ɗauka danja za su sa mana a mararrabar Pruitt da Hanyar Coci. Ashe shataletale za su gina! Ran Litinin katafila ta zo ta tuge allunan tsayawan nan huɗu. Mararrabar da muka saba, kowa ya tsaya, a ɗaga wa juna hannu, wuce, a'a ke dai wuce, yanzu jar ƙasa ce da ramuka.

Ga maganar da ta hana ni sakewa. 'Yarka Rhonda ta kira daga Denver. Ta ji abin da likita ya gaya maka, cewa ƙafar dama ba za ta ƙara taka birki ba. Ta ce gidan da ba direba, a wurin da ko bas ba ya bi, ba wurin zaman tsofaffi biyu ba ne. A sayar, mu koma ɗakin ƙasa na gidanta. Na ce da ita ai ina da lasin. Ta ce, "Mama, daga coci sai kantin cefane kike zuwa, shi ma Baba yana gefe yana ce miki taka birki." Na ce to yanzu zan tuƙa ba shi. Mun tsaya a kan haka: in an buɗe hanya za ta zo ta zauna a gefena. In na iya, muna nan. In na kasa, sai Denver da dusar ƙanƙara.

Doyle, duk inda za mu, asibiti ne, kanti ne, wurinka ne, sai an bi ta mararrabar nan. Da hannuna na zaɓi abin da zai kore ni daga gidana.

Ka ci abinci ko ba daɗi. Ƙawata Opal za ta kawo ni ran Lahadi ta doguwar hanyar da ake zagayawa kafin a gama aikin.

Taka har kullum,
Verlene.

*

Tsakiyar Mayu.

Doyle nawa,

Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka sannu da jiki. Na ga ka kai ƙarshen baranda da sanda ran Lahadi, na yi murna, ko da yake ban nuna ba don kada kanka ya kumbura. Amsarka ta iso. Layi biyu ne kacal, kuma ɗaya daga ciki "ai na faɗa miki" ne. Na gode.

Gunduma ta kira taro a zauren 'yan kwana-kwana don a koya wa mutane shiga shataletale. Duk wanda ya zo furfura ce da shi. Injiniyar aikin yarinya ce mai fara'a, Marisol Trevino. Ta zana ƙatuwar da'ira da alli a ƙasa, ta raba mana farantan takarda mu riƙe kamar sitiyari, ta ce kowa mota ne. Kai, da ka ga dattawan cocinmu suna zagaye suna ƙugin inji da baki!

Doka ɗaya ce, in ji ta. Kafin ka shiga, ka dubi hagu, ka jira sarari. In ka shiga kuwa, hanya taka ce, ba ka tsaya wa kowa. Muka ce mun gane. Aka fara. Ina cikin da'ira na ga Opal tana jira da farantinta, sai na ja na tsaya na ce bismillah, wuce. Ta ce a'a, ke kika riga ni. Na ce haba, ke ce babba. Kafin ka ce me, mutum biyar sun yi karo a bayana, wani har tabarau ɗinsa ya faɗi. Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Iyayena, ladabinku ne zai kashe ni! In kin tsaya don ki kyautata wa mutum ɗaya, kin cuci duk waɗanda ke bayanki."

Na tambaye ta me ya hana su sa danja kawai. Ta ce a danja mutum kan yi gudu don ya tsallake kafin ja ta kama, shi ya sa karon yake muni. A shataletale dole kowa ya rage gudu. Na tuna yadda aka kwashe gaban motar jikan Opal a wurin nan bara. Tun da gonaki suka zama sababbin unguwanni, rabin masu bin hanyar ba su san a ɗaga hannu ba. Saboda haka ban yi nadamar ƙuri'ata ba, kada ka sa rai.

Amma gaskiya ina jin tsoro. Shekara saba'in da takwas ina ba mutane hanya, yanzu a ce in daina cikin wata guda.

Sun fara zuba kwalta, sun kuma yi hanyar masu ƙafa har makarantar firamare. Ta yi kyau, ko ba za ka yarda ba.

Mai ƙaunarka,
Verlene.

*

Yuni.

Masoyina,

Gaisuwa da fatan ka kwana lafiya.

Na kasa, Doyle.

An buɗe hanya ran Asabar, da 'yan badujalar sakandare da balan-balan. Rhonda ta sauka ran Juma'a. Jiya da hantsi na sa rigata shuɗiya, na zauna a kujerarka, na matso da ita gaba sosai. Na isa bakin shataletale, na dubi hagu, na jira, na shiga kamar wadda aka haifa a ciki. Har Rhonda ta fara cewa madalla. Sai ga Opal a motarta tana jira ta Hanyar Coci. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafata ce kawai ta taka birki, hannuna ya tashi.

Ita ma, Allah ya shirye ta, ta ɗago nata hannun ta ce in wuce.

Motar siminti ce a bayana. Na ji ƙarar birkinta har cikin haƙorana. Ba ta taɓa mu ba, amma na ga fuskar direban a madubi, kuma abin da bakinsa ya faɗa ba na rubutawa ba ne. Hon ta ko'ina. Rhonda tana ta cewa, "Tafi, Mama, tafi!" Na rikice na fita ta hanyar da ba tamu ba, sai ga mu a wurin wankin mota.

Rhonda ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta kashe motar, ta zare makullin, ta sa a jakarta, ta riƙe hannuna. Da muka dawo na ji ta a baranda tana magana da dillalin gidaje, zai zo mako mai zuwa ya duba.

Na zaga gidan ɗaki ɗaki kamar baƙuwa. Na ji haushin kaina, na ji haushin Opal, na ji haushinka da ka hau tsani a shekarunka don gyaran indararo. Sai kuma na tuna wurin wankin motar, da yaron da ya leƙo ya tambaye mu wanki na ciki da waje ko na waje kawai, na fashe da dariya ni kaɗai a kicin.

Kada ka kira Rhonda ka yi mata ihu. Tsoro ne ya kama ta, kuma tana da gaskiya.

Taka,
Verlene.

*

Bayan mako guda.

Doyle,

Ina gaisuwa, ina tambayar ƙafa. Ka zauna kafin ka karanta wannan, don maganar ciyawarka ce.

Rhonda ta karɓe makullin mota, amma ta manta da motar yankan ciyawa. Washegari na kira Opal na ce tunda ke kika jawo, zo ki gyara. Muka mai da bishiyar pikan ta bayan gida tsakiyar shataletale. Opal ta kafa kujerarta a gefe da kofin shayi mai ƙanƙara, ita ce motar da ke jira. Aikinta ta marairaice fuska ta ɗaga mini hannu. Aikina in wuce ta.

Ka san abin ya fi ƙarfin wasa? Zagayen farko na tsaya. Na biyu ma na tsaya, har na ce mata sannu. Ta ce, "Verlene, ke wace irin mace ce? Wuce ni! Ki ɗauka ni ce matar da ta ce wainar masararki ta bushe a bikin coci!" To, nan fa na samu ƙarfi. Na wuce ta, na sake wuce ta. Ta koma yin dabara, ta riƙe ƙirji wai ciwo, ta yi kamar tana kuka, har ta ɗauko jaririn maƙwabta ta ɗaga mini. Na wuce su duka biyun.

Kullum da safe muke yi kafin rana ta yi zafi. Ciyawar da kake lallaɓawa kamar jariri yanzu tana da zobe na jar ƙasa, kewayayye tsaf. Ka yi haƙuri, za ta tsiro.

Rhonda ta ɗauka yankan ciyawa nake don in rage baƙin ciki. Ran Alhamis ta fito da dillali za ta nuna masa bayan gida, suka tarar da ni a kan inji, Opal ta durƙusa tana roƙona hanya. Dillalin ya tambaya ko ya dawo wani lokaci. Rhonda ta tsaya tana kallon zoben nan, ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Na kashe inji na ce ta ba ni makullina. Ban roƙa ba, Doyle. Ka san ni, ko a layin kanti nakan ce na baya ya wuce. Na ce gida nawa ne da ubanki, kuma ban gama da shi ba. Sau ɗaya zan ƙara gwadawa. In na tsaya, da kaina zan naɗe kwanuka a jarida. Ta buɗe jaka, ta miƙo mini.

Ran Talata ne, ranar da za a sallame ka. Ka yi mini addu'a, ban da shawara.

Matarka mai ɓata ciyawa,
Verlene.

*

Talata.

Tsohona,

Barka da warkewa, barka da ranar fita. Ina zaune a barandar gidan jinyar nan, ƙofa biyu tsakanina da kai. An ce ana yi maka gwajin ƙarshe. Na ari biro a wurin ma'aikaciya, don in na faɗa da baki ba za ka ji rabi ba, ni kuma kuka zai hana ni ƙarasa sauran.

Ni na kawo kaina.

Na dubi hagu, na jira wata a-kori-kura ta wuce, na shiga. Ka san wanda na tarar yana jira ta Hanyar Coci? Fasto da kansa, da matarsa a gefe, da uwarsa 'yar shekara casa'in a baya. Suka gane ni, duk suka washe baki. Ƙafata ta ɗaga za ta tafi birki, na ji ta. Na ce mata zauna. Na ɗaga musu yatsa ɗaya daga kan sitiyari na wuce abina. Ran Lahadi zan ba shi haƙuri.

Muka iso, na faka. Na ci layi biyu, Rhonda ta ce wannan kuma darasin gobe ne. Yanzu haka tana waje tana gaya wa dillali ya nemi wani gidan.

Saura kai. Na san abin da ke cin ranka, ko ba ka rubuta ba. Tun muna saurayi da budurwa kake buɗe mini ƙofar dama ka zagaya ka zauna a hagu, yau kuma za a buɗe maka ta dama. Kada ka ɗaure fuska. Na fi shekara hamsin a kujerar nan, na san daɗinta. Daga nan ake ganin tafkin da ke bayan makaranta, da dawakan da suka rage a gonar ƙarshe, da rufin gidanmu tun daga kan tudu. Kai duk shekarun nan kwalta kawai kake kallo don ka kai ni lafiya.

Ka sa takalminka, ka fito a hankali. Yau ni zan kalli kwalta, kai ka kalli hanyar gida.

Ni ce direbarka,
Verlene.