Ƙyauren Baba

Fatakwal,
9 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga ƙanena Mamuda,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ciwon gwiwarta? Ina Zulai'atu da ɗiyan? Ni lafiya lau, sai dai ƙafar nan da buhu ya faɗo mata a tasha. Ina takawa. Kar ka gaya wa Inna.

Takardarka ta iso. Ka ce an shafa jan fenti a zaurenmu, za a rushe shi don faɗaɗa titin Yelwa da haƙa magudanar ruwa. Ban ce kar a yi ba. Ban manta daminar da muka ɗauke Inna a kafaɗa ruwa na bakin gadonta ba. Aikin alheri ne. Amma Mamuda, sau nawa ruwa zai tashe mu? Ruwan madatsar Kainji ya cinye tsohon garinmu, yanzu kuma hanyarsa ake gyara masa ta ƙofarmu.

Ba zan iya zuwa ba. Roƙona ɗaya. Kafin katafila ta iso, ka cire ƙyauren zauren da hannunka. Shi kaɗai Baba ya ɗauko a kwalekwale ranar tashi daga tsohon gari. A bayansa akwai tsaga bakwai da ya yi da wuƙa, ɗaya ranar sunan kowanenmu. Uku sun rasu, ba su da wata shaida sai ita.

Ka kafa shi inda ake gani daga titi, don in na dawo in gane gida.

Allah shi jiƙan Baba.

Yayanka,
Ɗantani